Daga Fararen Hanyoyin Tuskani Zuwa Gindin Badala

A farkon watan Oktoba na kowace shekara, tun kafin gari ya waye, dubban mutane kan taru a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Gaiole, a yankin Kiyanti na lardin Tuskani a ƙasar Italiya, kowa riƙe da tsohon keke. Dokar taron ita ce keken ya kasance ƙirar shekarar 1987 ko kafin nan, ko kuma wanda aka ƙera a kan wancan tsohon fasali: jikin ƙarfe, abin sauya giya a jikin gangar keken, feda mai maɗaurin ƙafa. Yawancinsu har rigunan ulu irin na 'yan tseren da can suke sakawa. Masu ƙarfin zuciya a cikinsu kan bi hanya mai tsawon kilomita 209, ana hawa tudu ana gangarawa, har jimillar hawan ta haura mita 3,000. Sunan taron L'Eroica, wato tafiyar jarumai.

Wani mutum mai suna Giancarlo Brocci ne ya fara shi a 1997, da mahaya 92 kacal. Abin da ya dame shi a lokacin shi ne hanyoyin burji farare da suka ratsa gonakin inabi da zaitun na yankin. Tun daga shekarun 1950 da 1960, sa'ad da manoman da ke noma gonakin masu ƙasa ana raba amfani suka watse zuwa masana'antun birane, ake kallon waɗannan hanyoyi a matsayin shaidar ƙauyanci, ana ta lulluɓe su da kwalta ɗaya bayan ɗaya. Brocci ya fahimci cewa roƙo da rubuce-rubuce ba za su tsayar da wannan ba, sai in an sami mutanen da ke bin hanyoyin don so, waɗanda za su ji zafi in aka taɓa su. Haka kuwa aka yi. A 2007 aka fara gasar ƙwararrun 'yan tsere a kan waɗannan hanyoyi, wadda ake kira Strade Bianche, ma'ana fararen hanyoyi, tana ƙarewa a babban dandalin birnin Siyena. An kuma kafa alamomi a hanyar L'Eroica, ta yadda baƙo zai iya binta a kowane lokaci na shekara, ya kwana a masaukin ƙauye, ya ci miyar wake da burodi, ya kai kekensa wurin mai gyara na garin. Hanyar da ake kunyarta ta zama abin da ƙauyukan ke ci da shi.

Abin da ya tsaya mini a rai cikin wannan labari shi ne, abubuwa biyu da aka raina, tsohon keke da hanyar ƙasa, su suka haɗu suka ceci juna. Mu ma a Kano muna da irinsu biyu: keken da muka ajiye don kada a ce mun talauce, da ganuwar ƙasa da muke kallo tana narkewa.

Keken da muka sani

A cikin birni aka haife ni, kuma duk wanda ya taso a unguwanninmu kafin babur ya cika gari ya san darajar da keke yake da ita. Mahaifina malamin makaranta ne, yana da baƙin Raleigh mai birkin ƙarfe da ƙararrawa, da gidan sarƙa wanda ke kare bakin wando. Kowace Juma'a da safe akan fito da shi zaure a goge shi da tsumma, a ɗiga wa sarƙa mai. Wanda aka ba wannan aiki a cikinmu ji yake kamar an naɗa shi sarauta. A kan kariyar keken nan aka kai ni makarantar firamare ranar farko, a kanta ake ɗauro cefane, a kanta aka sha kai marar lafiya asibiti cikin dare. Kamfanin Raleigh, wanda asalinsa na birnin Nottingham ne a Ingila, har masana'anta ya kafa a Bompai, saboda ya ga kasuwar da yake da ita a Arewa. Daga baya kekunan Phoenix na ƙasar Sin da na Indiya suka shigo da rahusa, suka kai keke gidan da Raleigh bai shiga ba.

Mu yara kuwa, keken haya ne makarantarmu. Kana tara 'yan kuɗin tara na kwana biyu, ka je wurin mai haya, ya dubi agogonsa ya ba ka minti goma sha biyar. Wanda ƙafarsa ba ta kai feda daga kan sirdi sai ya zura ta ta tsakiyar keken yana tuƙawa a karkace. Da haka muka san lungunan da ba na unguwarmu ba, muka gane cewa Yakasai da Mandawari da Koki duk gari ɗaya ne, ana shiga wannan a ɓulla wancan.

Sai babur ya zo, ya zama acaɓa, ya mamaye titi da lungu. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, gwamnati ta hana goyo a babur na haya, sai adaidaita sahu ta gaje wurin. A duk tsawon wannan lokaci keke yana ta komawa baya, har ya zama abin hawan mai gadi, da ɗan aike, da tsohon da ya ƙi sauyawa. Saurayin da ya je zance a kan keke ya san abin da zai ji daga bakin ƙannen budurwa.

Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ina cikin waɗanda suka jingine babur suka nemi keke a wannan lokaci. Na sayi na hannu, mai giya, na fara zuwa aiki da shi. Abin da na fara koya shi ne yadda ake kallon mai keke. Wata rana na je wani ofis ɗaukar rahoto, mai tsaron ƙofa ya ɗaga wa motoci uku hannu suka shige ba tambaya, ni kuwa ya tsayar da ni, ya ce masu kawo saƙo ta ƙofar baya suke bi. Da na nuna masa katin aiki sai ya yi dariya ya ce, “Yallaɓai, ai sai ka yi haƙuri, keken ne ya ruɗe ni.” Ban ga laifinsa ba. Abin da gari ya koya masa ya faɗa.

Zagayen ƙofofi

A cikin hunturun da ya biyo baya na ƙudura niyyar zagaya ganuwar Kano a kan keke, ƙofa bayan ƙofa. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara gina ta. Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, aka sake faɗaɗawa a ƙarni na 17 zamanin Muhammadu Nazaki. Tsawon da aka fi ambata kilomita 14 ne, ko da yake mai bin titunan da suka kewaye ta zai yi fiye da haka. Tafiya ce da mai keke zai gama tsakanin sallar asuba da hantsi, ko da yana tsayawa.

Daga Ƙofar Nassarawa na tashi, a ƙarƙashin gadar sama, hazo bai gama sauka ba. Na bi ta Sabuwar Ƙofa, wadda aka buɗe zamanin Sarki Abdullahi Bayero, na wuce Ɗan'agundi, na kama titin BUK. A wannan ɓangare na kudu ne mutum ke iya ganin badala da idonsa, jar ƙasa mai faɗin gindi, a wani wuri ta fi tsayin gida, a wani wuri ta zama tudun da awaki ke kiwo a kai. Mai mota yakan wuce nan cikin minti biyar, ya ga katanga kawai. Mai keke yana ganin inda ruwan damina ya zaizaye ta ya bar kwari, da inda aka haƙi ƙasarta aka yi tubali, da inda aka mayar da gindinta juji, da inda wani ya jingina bangon shagonsa a jikinta. Yana ganin hauren da mutane suka fasa don gajarta hanya, wanda a hankali ya zama titi har ya sami suna. Ƙofar Na'isa da ke tsaye yanzu ta siminti ce, domin an rushe tsohuwar a 2010 don faɗaɗa titi.

Na wuce Gadon Ƙaya da Ƙofar Famfo da Dukawuya, na isa Kabuga. Ta wannan ɓangare ne sojojin Ingila suka fasa birnin ranar 3 ga Fabrairu, 1903, Sarki Alu yana can ƙasar Sakkwato. Na tsaya ina neman abin da zai gaya wa ɗan makaranta mai wucewa cewa a nan tarihin garinsa ya juya, sai ƙarar injuna da hayaƙi. Daga nan na karya arewa ta titin da ya nufi Ƙofar Ruwa, na bi ta Kansakali, wadda ake lissafawa cikin mafiya tsufa, da Waika, da Dawanau. A nan ganuwar takan ɓace wa mutum gaba ɗaya, sai ya tambayi dattawa a bakin masallaci su nuna masa da hannu: “Ka ga gidan can mai bene? To a kanta yake zaune.” Daga kasuwar ƙarafa ta Ƙofar Ruwa zuwa Mazugal, zuwa Wambai inda dilolin gwanjo ke sauka, zuwa Ƙofar Mata da karofinta, sunayen ƙofofin ne suka rage da gine-ginen da aka sake yi musu. Abin da ke haɗa ƙofa da ƙofa ya tafi.

Tudun da ƙafa ke ganewa

Akan ce Kano shimfiɗaɗɗen gari ne, kuma idan aka gwada ta da Tuskani haka ne. To amma ƙafar mai keke tana jin abin da mai mota ba ya ji. Da na shiga cikin gari ta Ƙofar Mata na nufi Kurmi, sai na ji feda ta yi sauƙi, keken yana tafiya da kansa, domin ƙasa tana gangarawa zuwa Jakara. Da na haye na nufi Dala sai cinya ta fara magana, na sauya giya zuwa mai sauƙi. Amfanin giya ke nan: tana rage tazarar da taya ke ci a kowane juyin feda, sai nauyin hawan ya rarrabu, mutum ya hau a hankali ba tare da ya sauka ya tura ba. Da irin wannan dabara mutanen Kiyanti ke hawan tuddansu, sai dai nasu ba ya ƙarewa.

Wannan ɗan hawa da gangara ya fahimtar da ni tsarin garin fiye da duk taswirar da na taɓa gani. Ruwan saman da ya sauka a birni Jakara yake nema. Kududdufan da muka taso muna gani a kowace unguwa ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu, ta gidaje da ta ganuwa, sannan suka zama matattarar ruwan damina. Da muka cike su muka yi gini a kai, ruwan bai manta hanyarsa ba, shi ya sa yake shigo mana ɗaki a watan Agusta. Ganuwa da kududdufi da gidan ƙasa abu ɗaya ne a asali, kuma tare suke tafiya.

A gindin Dala na bar keken wurin wani mai shago, na hau matakala. Daga sama ana hango Goron Dutse a yamma, da ƙubbar Masallacin Juma'a kusa da Gidan Rumfa, da rufin kwano iyakar ganin ido. Daga kan wannan dutse ne Heinrich Barth, Bajamushen matafiyi, ya zana hoton birnin a 1851, lokacin da akwai gonaki masu faɗi a cikin ganuwa, waɗanda aka tanada don ciyar da gari idan abokan gaba sun kewaye shi. Na yi ƙoƙarin bin layin ganuwar da ido kamar yadda na bi ta da ƙafa. Ba a iya binsa yanzu.

Da na sauko na bi lungunan Madabo da Sharifai da Alfindiki, inda fatake Larabawa suka zauna a da. A nan ne keke ya nuna cewa shi ɗan gida ne. An tsara lungunan nan daidai faɗin jaki da kayansa, da mutum biyu da za su gifta su gaisa. Mota ba ta shiga, adaidaita sahu in ta shiga sai kowa ya manne da bango, babur kuwa yana razana yara da tsofaffi. Mai keke yana tafiya daidai saurin da zai yi sallama a amsa masa, ya ji ƙamshin gurasa daga tanderu a Jakara ya tsaya ya saya, ya kauce wa almajiri ba tare da ya firgita shi ba.

Garuruwan da suka hau ganuwarsu

Akwai wani birni a Tuskani mai suna Lukka, wanda ganuwarsa ta ƙarni na 16 da na 17 take tsaye cif, tsawonta ya ɗan haura kilomita 4. Da amfaninta na yaƙi ya ƙare, a ƙarni na 19 aka mayar da samanta wurin shan iska mai itatuwa, yau kuma tsofaffi da yara da baƙi suna zagaya ta a ƙafa da keke. Birnin Shi'an na ƙasar Sin yana da ganuwa mai tsawon kusan kilomita 14, daidai da abin da ake faɗa game da tamu, kuma a samanta ake ba da hayar keke. Gaskiya ne cewa waɗannan na tubalin wuta ne, tamu ta ƙasa ce, ba za ta ɗauki taya a bayanta ba, kuma tana bukatar yaɓe duk bayan damina, aikin da a da sarki ke rarraba wa jama'a. Darasin da ke ciki duk da haka ya shafe mu: ganuwar da mutane ke ziyarta kullum tana da masu tsaronta. Ranar da aka ɗebi ƙasa a jikinta, akwai wanda zai lura da safe.

Tamu tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 don a duba yiwuwar sanya su cikin kayan tarihin duniya, kuma har yau a jerin jira take. A watan Disambar 2024 hukumar ta amince da hawan sallar Kano a matsayin al'adar da duniya ta gada. Hawan ya rayu ne saboda kowace shekara ana yin sa, ana kallo, ana kashe masa kuɗi, yaro yana gani yana sha'awa. Ganuwa ba ta da ranarta. Filayen da ke jikinta sun zama abin ja-in-ja tsakanin gwamnati mai tafiya da mai zuwa, wannan ta yanka, waccan ta rushe, ita kuwa badalar tana ci gaba da raguwa a tsakaninsu.

Abin da zai yiwu

Ba na raina wahalar da ke ciki. A watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, kuma ba mai hankalin da zai ce a zagaya gari da rana tsaka. Gadojin sama da na ƙasa da aka gina a Nassarawa da Gadon Ƙaya da Kabuga an yi su ne don mota, mai keke a cikinsu ransa yana hannun Allah da hannun direba. Tun a 2001 ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi kiran a koma hawan keke, ya hau da kansa a Abuja, motar bas ta ture shi, ƙasa ta yi dariya aka wuce wurin. Kiran hukuma kaɗai bai taɓa mayar da mutum kan sirdi ba.

Abin da ya yi aiki a Gaiole ƙaramin abu ne: mutum 92, rana ɗaya, hanya ɗaya, da naci shekara bayan shekara. Mu ma muna da lokacin da ya dace, wato sanyin Disamba da Janairu, da safiyar Lahadi kafin kasuwanni su cika. Muna da hanya, ƙofa goma sha biyar a jere. Muna da tsofaffin Raleigh da Phoenix a zaurukanmu, da masu gyaran da suka san su tun suna sababbi. Muna da dattawan da ke iya nuna inda ganuwa ta bi, da malaman tarihi a Jami'ar Bayero, da ma'aikatan Gidan Makama, da masu koko da ƙosai a kowace ƙofa. Abin da za a roƙi hukuma bai taka kara ya karya ba: a keɓe gefen titi na awa uku, a sa ɗan allo a kowace ƙofa mai ɗauke da sunanta da tarihinta. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018, amma mu yanayinmu ya fi son hunturu, kuma ba mai hana mu zaɓar tamu ranar.

Idan hakimi da ɗan kasuwar Kwari da malamin jami'a suka hau keke rana ɗaya a shekara tare da mai gadi da ɗan aike, kallon da ake yi wa mai keke zai fara sauyawa. Idan kuma yaro ɗan shekara goma sha biyu ya zagaya garinsa da ƙarfin ƙafarsa, ya ƙirga ƙofofi da bakinsa, ya ga inda badala take da inda ta ɓace, zai yi wuya ya girma ya sa hannu a takardar da za ta yanka ta fuloti. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yawancin waɗanda ke yanke hukunci a kan ganuwar Kano ta tagar mota suka san ta, kuma kowace damina tana rage abin da ya saura a gani.